Tambaya da Amsa: Da gaske ne a Ingila ana yi wa mabarata bulala a da?

Tambaya: Malam barka da aiki. Wani ya ce min wai a Ingila a zamanin da bulala ake yi wa mabarata, wani kuma ya ce ai su suka fara biyan talakawa kuɗin tallafi. To wanne ne gaskiya a ciki?

Amsa: Yawwa, barka dai. Bulalar da tallafin duk an yi su a Ingila, kuma abin da zai ba ka mamaki majalisa ɗaya ce ta yi dokokin biyu a shekarar 1598.

Ka ga a ƙarni na 16 jama'ar Ingila sun yi ta ƙaruwa, daga ƙasa da miliyan 3 zuwa sama da miliyan 4 a wajen 1600, abinci ya yi tsada, ga shi kuma Sarki Henry na 8 ya rufe gidajen ibadar sufaye tsakanin 1536 da 1540, waɗanda da ma can wasu ke samun sadaka. Sai kuma damina ta ƙi shekara huɗu a jere, 1594 zuwa 1597. Mutane suka bazama cikin garuruwa neman aiki da abin sawa a baki.

Garuruwa ne suka fara neman mafita kafin gwamnati. Norwich misali, a 1570 suka bi gida gida suka ƙirga talakawansu, sama da mutum 2,300, wajen ɗaya cikin biyar na garin kenan, an rubuta suna da shekaru da sana'a, wace ce ke kaɗi, wane ne gurgu, yara nawa ne a ɗaki. Daga nan suka hana bara a titi, suka ƙara kuɗin da ake karɓa daga masu hali. Dokar 1598 da ta 1601 ta zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya su suka mayar da irin wannan tsari na ƙasa baki ɗaya: kowane yankin coci, wato unguwa ko ƙauyen da ke ƙarƙashin coci ɗaya, zai naɗa masu kula da talakawa, su sa wa masu gida da gona haraji na dole, a ba tsoho da makaho da gurgu ɗan kuɗin sati, mai lafiya a sayo masa ulu ko zare ya yi aiki, yaran da iyayensu ba su da hali kuma a kai su koyon sana'a, namiji har shekara 24, mace har 21 ko ta yi aure.

To a nan gizo ke saƙar. Kuɗin nan daga aljihun 'yan unguwa yake fitowa, ba daga baitulmali ba, don haka tambayar farko da ake wa talaka ita ce kai ɗan ina ne. In kai ɗan unguwa ne, an san ubanka, za a taimaka maka ko da ƙorafi. In baƙo ne kana yawo ba ubangida ba takarda, to kai ɗan gararamba ne a idon doka, a tuɓe maka riga a yi maka bulala har bayanka ya yi jini, a ba ka takardar shaida, a dinga miƙa ka unguwa unguwa har garin da aka haife ka. Wannan ma sauƙi ne fa. Dokar 1572 cewa ta yi a huda kunnen dama da ƙarfe mai zafi, ta 1547 kuwa a yi wa mutum tambarin harafin V, alamar ɗan gararamba, a ƙirji a bautar da shi shekara 2, sai dai ita wannan ba ta je ko'ina ba aka soke ta. Akwai kuma gidajen horo irin Bridewell na Landan, wanda fadar sarki ce Edward na 6 ya ba birnin a 1553, inda ake tsare mutane ana sa su aikin dole.

Ni a ganina abin da ya fi muni shi ne yadda unguwanni ke tura wa juna nauyi. Mace mai ciki ba miji, sai a yi sauri a fitar da ita ƙetaren iyaka kafin ta haihu, saboda yaron inda aka haife shi nan ne zai zama nauyinsu. Dokar 1662 ta ƙara ɗaure abin, baƙon da bai kama gidan hayar fam 10 a shekara ba ana iya mayar da shi inda ya fito cikin kwana 40 da zuwansa, ko bai roƙi kowa komai ba, zato kawai ake zai iya zama kaya. In ka tuna yadda gwamnonin arewa suka dinga mayar da almajirai jihohinsu a 2020, to tunanin kusan ɗaya ne.

Su ma 'yan garin da ake ba tallafin ba a bar su haka ba, daga 1697 sai sun ɗinka harafin P, alamar mai karɓar tallafi, a kafaɗar rigarsu ta dama, wanda ya ƙi sawa a rage masa kuɗin ko a yanke gaba ɗaya.