Filaf ɗin jirgin koyo: ba a naɗe shi lokaci guda

Tambaya: Malam, ina koyon tuƙi da Cessna 172. Shekaranjiya na fasa sauka, na naɗe filaf (sashen bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka) gaba ɗaya kamar yadda wani ya ce a zauren WhatsApp, sai jirgin ya nitse da ni har na ga ciyawar gefen titi daf da ni. Har yanzu gabana faɗuwa yake. Irin filaf ɗin ne matsalar?

Amsa: Allah ya kiyaye gaba, ƙanena. Filaf ɗinka lafiyarsa ƙalau.

Iri huɗu ne aka fi sani. Akwai wanda bayan fiffike ke lanƙwasawa ƙasa kawai. Akwai wanda ƙasan fiffiken kaɗai ke buɗewa, irin na tsohon jirgin DC-3, birki ya fi yi. Akwai na Fowler, mai zamewa baya ya ƙara wa fiffike faɗi. Naka mai tsaga ne: iska na bi ta tsagar ta kwanta a bayan filaf, shi ya sa jirgin ke riƙuwa da ɗan gudu. Jirgin Piper PA-28 ma haka, sai dai nasa da hannu ake ja, digiri 10, 25, 40, naka kuma na lantarki ne.

Amma wannan magana ta “naɗe duka, ai filaf birki ne” ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta, yawanci daga bakin wanda a kwamfuta kaɗai ya taɓa tashi. E, digiri 30 birki ne. To na 10 ɗin farko fa? Ɗaga jirgi yake yi. Kana daf da ƙasa, gudunka kaɗan, filaf ne ke tallabe da kai, sai ka zare shi gaba ɗaya? Gudun da ya ishe ka da filaf ba lallai ya ishe ka babu shi ba. Ka ja hanci sama don tsoro kuma, fiffike ya saki iska. Ka sare reshen da kake zaune a kai ke nan.

Littafin Cessna 172S ya faɗa ƙarara, idan ka fasa sauka: ba shi wuta duka, mayar da filaf digiri 20 nan take, hau da gudun not 60 (not ma'aunin gudun jirgi ne), sannan filaf digiri 10, sauran sai ka yi sama kuma gudu ya ƙaru. Tura sitiyari gaba, don hancin zai so ɗagawa.

Gobe ka gaya wa malaminka abin da ya faru, kada ka ɓoye. Ku hau sama sosai ku maimaita har hannunka ya saba.