Hukuncin Karanta Falsafar Ilimi a Kwalejin Horar da Malamai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai, kuma an wajabta mana darasin falsafar ilimi, inda muke karanta ra'ayoyin Aflaton da Rousseau da John Dewey. Yayana ya ce falsafa kafirci ce, in bar darasin. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, karanta wannan darasi halal ne, da sharaɗin kin san aƙidarki kafin ki shiga aji. Yayanki kishin addini ya yi, sai dai ya yi wa falsafa kuɗin goro, abin da Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijiriyya, bai yi ba. Shi ya kafirta masu falsafa ne a mas'aloli uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa filla-filla ba, sai dai a dunƙule, da ƙaryata tashin jikkuna ranar alƙiyama. Amma lissafi da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, bai hana su ba, har ya ce mai musun lissafi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi. Haka ma Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare karatun manɗiƙi a baitocin da ya yi musayarsu da Imamus Suyuɗi mai haramta shi.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne kan Dewey, Ba'amurken da ya rasu a 1952, domin tasirinsa a dabarun koyarwa na zamani babba ne. Ya ce yaro ya fi koyo idan ya aikata abu da hannunsa, kuma wannan ba baƙo ba ne gare mu: Annabi (SAW) ya ce, "Ku yi salla kamar yadda kuka ga ina yi." Malamar da ta ɗauki buta ta yi alwala a gaban yara, sannan ta miƙa wa kowa ya gwada, ta fi wadda ta tsaya ga allo kawai. Wannan ki karɓa. Amma ra'ayinsa cewa babu tabbatacciyar gaskiya, sai abin da gwaji ya nuna yana da amfani, ba ya hawa kan wahayi, domin haramcin riba ba ya jiran sakamakon gwaji.

A jarrabawa ki rubuta "Dewey ya ce", domin hakaito magana ba yarda da ita ba ne. Idan wata shubuha ta tsaya miki a rai, ki kai ta ga malami masani, kada ki kwana da ita.

Allah ne Mafi sani.