Amsa: Me ke sa ƙananan jirage hatsari wajen sauka a filayen karkara?

Malam, ka tambaya ko tsufan jirgi ne ke jawo wannan hatsari. A ganina filin da yanayi sun fi tsufa laifi.

Ɗauki nan Jos. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang ya haura mita 1,200 daga matakin teku. A irin wannan tudu iska ba ta da kauri, balle in rana ta take, don haka jirgi kan taɓa ƙasa da gudu fiye da a Legas, ya ci doguwar hanya kafin ya tsaya. Titin saukar jirage na Heipang kwalta ce mai tsawo. To ka ƙaddara gajeren filin jar ƙasa ne, ruwan Agusta ya jiƙa shi, birki ba ya kamawa, babu shinge, shanu na ratsawa, babu hasumiyar da za ta gaya wa matuƙi inda iska ta dosa. Da hunturu kuma hazo ya rufe duwatsu.

Abin da ya fi damuna shi ne matuƙin da ya ga saukar ta ɓaci amma ya nace, maimakon ya ƙara wuta ya sake zagayowa. In za ka hau, tambayi matuƙin ko ya taɓa sauka a filin, da ko wani ya duba filin a ranar.