Tambaya da Amsa: Ni da maigida muna son zaga ƙasa da motarmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana muna Kano, ya samu hutun sati ɗaya a wajen aiki shi ne muka ce maimakon zaman gida gara mu shiga motarmu mu je mu ga wuraren da ruwa ke gangarowa daga kan dutse, da kwazazzabai da wuraren tarihi. Shi so yake a haɗa Gurara da Farin Ruwa da Yankari da Jos duk a tafiya ɗaya, ni kuma gabana faɗuwa yake saboda hanya. Dan Allah ta ina za mu fara, kuma wane wata ya fi? Ƙanwarki daga Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Wallahi wasiƙarki ta faranta min rai, don mu nan in ba biki ko rasuwa ko zuwa gida da sallah ba, da wuya ki ga miji ya ɗauki matarsa sun fita ganin ƙasa su biyu, alhali abin kallo fal a kusa da mu.

Toh amma ki lallaɓa maigida ya rage buri. Gurara tana jihar Neja kan hanyar Suleja zuwa Minna, Yankari tana can gabas da Bauchi, in kuka ce sai kun haɗa su a sati ɗaya kwalta kawai za ku yi ta kallo, ku dawo a gajiye kowa na jin haushin kowa. Ni dai shawarata ku ɗauki layi ɗaya, Kano zuwa Bauchi zuwa Jos, Gurara a bar ta sai ranar da Abuja ta kama ku.

Ku fito da sassafe ta Wudil ku tsaya Birnin Kudu. Mutane na wuce garin a guje ba su san akwai zanen mutanen da a jikin duwatsunsa ba, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, yawanci siffar shanu ce. Daga nan ku bi ta Ningi ku shiga Bauchi da sauran rana. A Bauchi kar ku wuce kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Sai an bi ta wani dogon lungu mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, ba rufi a samansa, kuma an ajiye wasu daga cikin kayan da ya yi amfani da su. Ku yi masa addu'a.

Yankari kuwa ku ba ta kwana biyu cur. Hanyar Gombe za ku ɗauka, a Dindima ku karya dama, ƙofar shiga tana Mainamaji a ƙaramar hukumar Alƙaleri, daga ƙofa kuma akwai tafiya mai ɗan tsawo cikin daji kafin a kai masauki. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, garai-garai har kina ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarki, ɗuminsa wajen digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. In ke mai kunya ce irina ki sauka bayan asuba kafin jama'a su cika, ki sa doguwar riga da wando ki tsoma ƙafa ko da a gefe ne. Sannan ki kula da birai, ba su da tsoron mutum ko kaɗan, leda in suka gani a hannunki sai sun fizge, ɗaki ma a kulle shi da taga.

Daga Bauchi zuwa Jos kamar kilomita 130 ne. Gidan tarihin Jos an buɗe shi a 1952, can za ki ga kawunan yumɓu na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000, a gefensa kuma akwai filin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ki tafi da rigar sanyi da safa, sanyin Jos da dare ba irin na Kano ba ne.

Ruwan da za ku fi samu cikin sauƙi shi ne Assop, kimanin awa ɗaya da 'yan kai daga Jos in an bi ta Bukuru da Riyom aka gangara Hawan Kibo. Nan ne kwazazzaban da kike tambaya, hanya na murɗewa tana sauka daga tsaunin Filato, gefe guda dutse gefe guda rami. Dan Allah ki gaya wa maigida ya sauka a hankali da ƙaramar giya, kar ya dogara da burki kaɗai, kar kuma ya zauna gaban tirela, don wurin ya sha cin rayuka. A Assop ruwan ta tsakanin duwatsu yake ratsowa ya zuba a tafki, ga inuwar itatuwa, ku shimfiɗa darduma ku ci abincinku. Dutsen da ruwa ya jiƙa santsi gare shi, ki bar takalmi mai tsini a mota, kuma kar hoto ya ja ɗayanku bakin gaɓa.

Farin Ruwa da ke Wamba a jihar Nasarawa ta fi su duka tsayi, kusan mita 150, amma hanyarta ba ta ƙaramar mota ba ce kuma akwai tafiyar ƙafa, ni ban ba ku shawarar ta a fitar farko ba.

Batun wata, nan ne sai kun zaɓa. Ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, lokacin kuma ya yi ja, hanyoyin ƙauye sun lalace, ciyawa ta rufe namun Yankari. Giwaye an fi ganin su da rani daga Fabrairu zuwa Afrilu in sun taru bakin kogin Gaji, amma lokacin Assop ta ragu sosai. Tunda ruwa ne ya fito da ku, ku tafi ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba.

Faɗuwar gaban da kike yi kuma kina da gaskiya, kar kowa ya ce miki tsoro ne. La'asar ta same ku a masauki, ba tafiyar dare ko da saura kaɗan ne. Yankin Riyom da Alƙaleri wani lokaci lafiya wani lokaci babu, don haka kowace safiya maigida ya tambayi direbobin tasha ko masu otal halin da hanya take ciki a ranar, in suka ce a dakata a dakata. Makanike ya duba burki da taya da safaya kafin ku tashi, takardun mota su cika saboda shingayen jami'ai, ku riƙe tsabar kuɗi don netwok na ɗaukewa a daji, sannan wani a gida ya riƙa sanin garin da kuka kwana.