Amsa ga 'yar uwar da ta tambaya ko gubar dalma tana taɓa zuciya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce shekarunsa 36, ya daɗe yana sana'ar fasa tsofaffin batiran mota yana narka dalmar ciki, yanzu an ce yana da hawan jini, zuciyarsa na bugawa da sauri ko yana zaune, in ya miƙe kuma jiri ya ɗebe shi. Kina son sanin ko aikin ne ya jawo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a yankin Anka bayan annobar dalmar Zamfara, shi ya sa na ga bai kamata in wuce tambayarki ba.

E, dalma tana iya yin wannan. Amma alamun da kika lissafa su kaɗai ba su isa a yanke hukunci ba, sai an auna jininsa.

Zuciya ba umarninmu take jira ba. Akwai jijiyoyin saƙo iri biyu da ke tafiyar da ita ko mutum yana barci, kamar totur da birki a babur. Ɗaya yana zaburar da ita idan an tsorata ko an ɗauki kaya mai nauyi, yana kuma matse hanyoyin jini. Ɗayan yana kwantar da ita, ta wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa ƙirji da ciki. Sannan a jikin manyan hanyoyin jini na wuya da wadda ta fito daga zuciya akwai wasu 'yan wurare da ke jin ƙarfin matsin jini a kowane bugu, su kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Da mutum ya miƙe tsaye jini ya gangara ƙafafu, su ne ke sa a ƙara bugu a matse hanyoyi cikin daƙiƙoƙi kaɗan don kada ya faɗi. Saboda wannan ja-in-ja, zuciyar mai lafiya ba ta bugawa da tazara ɗaya tak: in ya shaƙi iska takan ɗan ƙara sauri, in ya fitar ta ɗan lafa. Likitoci suna auna wannan bambanci daga awon ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya, kuma raguwarsa alama ce cewa ɓangaren kwantarwa ya yi rauni.

A nan masu bincike suka kama dalma. A 1991 wasu likitoci biyu a Japan, Murata da Araki, sun auna ma'aikatan da ke narka ƙarfe suka ga wannan bambancin bugu ya ragu a jikinsu, musamman ta ɓangaren kwantarwa. A Lisbon ta Fotugal, Vera Geraldes da Isabel Rocha da abokan aikinsu sun buga sakamako a 2016 kan ɓerayen da aka shayar da ruwa mai dalma tun suna cikin uwa: jininsu ya hau, wuraren da ke jin matsin jini sun dushe, ɓangaren zaburarwa kuma ya rinjaya. Akwai kuma binciken da bai ga haka ba. Ƙungiyar wani mai bincike, Jan Staessen, ta bi sababbin ma'aikatan masana'antar batir a Amurka shekara biyu, dalmar jininsu ta ninka kusan sau uku, amma ba a ga wani canji a fili a bugun zuciyarsu ba. Sai dai waɗannan mutane ne da suka fara da dalma kaɗan ƙwarai a jininsu, suna aiki da takunkumi da na'urar zuƙe hayaƙi. Ba na jin adalci ne a gwada su da wanda ya shekara da shekaru yana sunkuye kan tukunyar narka a rumfa, yana cin abinci a wurin da hannun da ya yi aiki.

Ba ta jijiyoyin saƙo kaɗai dalma take hawar da jini ba. Tana lalata ƙoda a hankali, tana hana hanyoyin jini sakewa yadda ya kamata, jiki kuma yana ɗaukar ta kamar kalsiyam ya ajiye ta a ƙashi. A babba, sama da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikinsa a ƙashi take. Ta cikin jini tana raguwa da rabi cikin kamar wata guda, ta ƙashi kuwa sai ta yi shekaru gommai tana tsiyayowa kaɗan-kaɗan. Wani lissafi da aka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa manya miliyan 5.5 ne suka mutu da cututtukan zuciya da hanyoyin jini masu nasaba da dalma a 2019 kawai.

Abin da ke damuna ke nan idan na tuna Zamfara. A 2010, lokacin da ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka gano yara suna farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, sama da yara 400 aka rasa. Dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje cike yake da dalma, mata na dakawa a turmi, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. 'Yar na'urar da ake auna jini da ita a fili ba ta iya nuna dalmar da ta wuce maikirogiram 65 a kowace desilita ta jini, kuma yara da yawa sun zarce haka, sai an sirka jinin kafin a samu lamba. Dole hankalin kowa ya koma kan ƙanana, su ake ba magani, kuma daidai ne, su ne ke mutuwa. Amma iyayen da ke kawo su fa? Ina ganin samari majiya ƙarfi, masu haƙa da masu injin niƙa, suna ƙorafin ciwon kai da faɗuwar gaba da kasala, in na ɗaura musu abin awo in tarar jini ya hau. Su ce gajiya ce, ko su ce jinnu, ko sammu. Kusan babu wanda ya bi sawunsu. Ƙauyen Bagega na Zamfara ma ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba sai 2013, a 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Shi ya sa in mace ta ce mini mijinta na aikin batir ko ma'adinai kuma jininsa ya hau tun bai kai arba'in ba, ba na ɗaukar maganar da wasa.

Ki lallaɓa shi ya je babban asibiti, ya faɗa wa likita sana'arsa baki da baki, ya kuma ce yana son a auna dalmar jininsa. Likitoci da yawa ba sa tambayar sana'a, in ba a faɗa ba sai a rubuta maganin hawan jini a sallame shi. Jinin jijiyar hannu za a ɗiba, don na ɗan yatsa yana iya gurɓata da ƙurar fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikirogiram 5 a kowace desilita ya kamata a nemo inda dalmar ke shigowa a datse. A haɗa da awon ƙoda, da yawan jini, da suga, da ECG. Suga da ya daɗe yana kashe waɗannan jijiyoyi fiye da yadda mutane suka sani, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna sa zuciya gudu, haka goro da yawa da lemukan ƙara kuzari. Jirin kuma a duba shi ta hanya mai sauƙi: ya kwanta minti 5 a auna jini, ya miƙe a sake aunawa bayan minti 1 da minti 3. In lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, likita ya sani, domin wani lokaci maganin hawan jinin ne da kansa ke jawo hakan. Ki lura ko yana da murɗawar ciki da taurin bayan gida, ko saurin fushi da mantuwa, ko hannu ya fara saki daga wuyan hannu, ko wani layi mai duhu a dasashi. Duk waɗannan suna ƙara nuna dalma.

Kada ya daina shan maganin hawan jini yana jiran sakamako. Kuma don Allah kada a sayo maganin fitar da dalma a kemis ko a intanet. Wanda aka ba yara a Zamfara ana ba da shi ne ga waɗanda dalmar jininsu ta kai maikirogiram 45 zuwa sama, ƙarƙashin kulawa ana bin jininsu, kuma sai an tsabtace gida tukuna, don ba shi da amfani mutum ya sha ya koma cikin ƙurar. Maganar 'yan batir cewa gwangwanin madara bayan aiki yana wanke ciki, ba ta da tushe. Gaskiyar da ke ciki ita ce, wanda bai ci komai ba ko yake da ƙarancin kalsiyam da sinadarin ƙarfe ya fi zuƙar dalma, amma madara ba ta ciro wadda ta riga ta shiga ƙashi.

Na san ba a ce wa magidanci ya bar abin da yake ci da iyali rana ɗaya. To aƙalla ya bar narkawa da kansa har sakamako ya fito, ya daina ci da shan sigari a rumfa, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shigo gida, takalman aiki su tsaya waje, kayan kuma a wanke su daban. In ya ji ciwon ƙirji, ko ya suma, ko jini ya kai 180 bisa 120, wannan na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

Ba ki ambaci yara ba, amma in kuna da su a auna su tare da shi. Cikin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma ƙurar da uba ya kwaso a riga ta ishe shi. A bar sa musu kwallin dutse, yawancinsa dalma ce. Ke ma in kina da juna biyu ko kina shayarwa, ki faɗa a wurin awo cewa ke kike wanke kayan aikinsa, a haɗa da naki jinin.