An ce sai an yi mini wankin haƙori mai zurfi: zan iya jin ta bakin wani likitan ta intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni mace ce mai shekara 44. Na je asibitin haƙori don a wanke mini haƙora yadda aka saba, sai likitan ya duba ya ce wankin sama ba zai wadatar ba, wai sai an yi mini wanki mai zurfi har ƙarƙashin dasashi, baki gaba ɗaya, a zama biyu, kuma da allurar kashe zafi. Ni kuwa babu inda ke yi mini ciwo. Jini dai yakan fito idan ina goge baki, kuma shekara 3 ke nan ina shan amlodifin saboda hawan jini. Gaskiya hankalina bai kwanta ba, don kuɗin ya fi na wankin da na sani nesa ba kusa ba, sannan wata ƙawata ta ce tun da aka yi mata haƙoranta suka yi wushirya. Na ga akwai likitocin da ke duba mutane ta intanet, har na ɗauki hotunan bakina da waya. In na tura musu, za su iya gaya mini ko aikin nan dole ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Kin yi daidai da kika tsaya tambaya, kuma babu likitan kirki da zai ji haushi don kin nemi jin ta bakin wani. Sai dai hotunan da kika ɗauka da waya ba za su kai ki ko'ina ba. Abin da ake gardama a kansa yana ƙarƙashin dasashi, inda ido ba ya kaiwa, balle kyamarar waya. Likitan intanet zai iya yi miki amfani sosai, amma sai kin kai masa abu biyu da ke hannun asibitin da ya duba ki: takardar awon dasashi da hoton ƙashi, wato hoton X-ray na haƙora.

Bari in fara da awon, don a nan maganar take. Dasashi ba a manne yake da haƙori har bakinsa ba, akwai ɗan rami siriri da ya kewaye kowane haƙori kamar wuyan riga. Muna auna zurfinsa da wani siririn ƙarfe mai dakusasshen baki, wanda aka yi wa zane-zane na milimita. A lafiyayyen baki zurfin ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. In ya kai 4 ko ya wuce, ya zama abin da muke kira aljihu, wurin da buroshi ba ya iya sharewa. Daga 6 zuwa sama kuwa aljihu ne mai zurfi. Cikakken awo shi ne a auna wuri 6 a jikin kowane haƙori, uku ta waje, uku ta ciki.

Ki tuna ranar da kika kwanta a kujerar nan. Kin ji ana ɗan tsikarar dasashinki haƙori bayan haƙori, likita yana kiran lambobi, "3, 2, 3, 5, jini, 4", mataimakinsa yana rubutawa? In haka ta faru, to akwai takarda, ki je ki karɓi kwafinta. In kuwa leƙawa kawai aka yi da madubi na minti ɗaya aka yanke hukunci, to an yi gaggawa, kuma tun kafin ki shiga intanet kin samu rabin amsarki. Wasu likitocin sukan fara da gwajin sharar fage, su raba baki kashi 6 su ba kowane kashi maki daga 0 zuwa 4. Wannan ba laifi ba ne, amma aikinsa nuna inda ya kamata a koma a yi cikakken awo, ba a gina aikin baki gaba ɗaya a kansa shi kaɗai.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan lambobi shi ne, ciwon dasashi iri biyu ne, kuma a ido sun yi kama. Na farko kumburin dasashi ne kawai: ya yi ja, yana jini, amma ƙashin da ke riƙe da haƙori bai taɓu ba. Wannan wankin sama da gyara yadda ake goge baki sun ishe shi, yana warkewa sarai. Na biyu shi ne wanda cutar ta gangara ƙasa, ta fara cin zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Wanki mai zurfi don wannan na biyun aka tanade shi: a shiga cikin aljihun da ƙananan ƙarafa ko injin da ke karkarwa yana fesa ruwa, a kankare daskararren dattin da ya zama kamar dutse a jikin saiwa, tare da yauƙin ƙwayoyin cutar da ke manne da shi, domin dasashi ya daina kumburi ya sake rungumar haƙorin.

Rashin jin zafi kada ya ruɗe ki. Wannan cuta ba ta sallama. Sau da yawa mutum ba ya sanin yana da ita sai haƙori ya fara girgiɗa ko ya gusa daga mazauninsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato mutum fiye da biliyan 1, suna da mai tsananin irinta. Don haka ba abin mamaki ba ne idan likitanki gaskiya ya faɗa.

To amma akwai ɗaya ɓangaren, kuma shi ya sa ban ce miki kawai ki je a yi ba. Kankarar saiwa a inda babu aljihu ba ta da amfani, har ma tana iya ɓarna. Wani bincike da Jan Lindhe na ƙasar Suwidin da abokan aikinsa suka wallafa a 1982 ya nuna cewa idan zurfin bai kai kusan milimita 3 ba, kankarar takan jawo dasashi ya ƙara sakin haƙori maimakon ya kama shi. Shi ya sa mai aljihu a jikin turame 3 na baya ba ya buƙatar a bi bakinsa gaba ɗaya da allura. Waɗannan ukun za a yi wa, sauran a yi musu wankin sama.

Maganin da kika ambata kuma ya sa na ɗan gyara zama. Amlodifin da danginsa irin su nifedifin, haka ma fenitoyin na farfaɗiya, sukan sa dasashin wasu mutane ya yi kauri ya hau kan haƙori. Idan dasashi ya taso sama, ƙarfen awo zai nuna 4 ko 5 alhali ƙasan bai motsa ba. Aljihun ƙarya ke nan. Ba kowa maganin ke yi wa haka ba, kuma mutum zai iya haɗa wannan da cutar gaske a baki ɗaya, amma dole wanda zai ba ki shawara ya san kina shan sa. Kada ki bar maganin da kanki. In ta kama a canza, wannan magana ce tsakanin likitan haƙori da likitan da ke kula da hawan jininki.

A nan hoton ƙashi ke raba gardama. A lafiyayyen baki, ƙashi yana tsayawa kamar milimita 1 zuwa 2 ƙasa da inda farin haƙori ya haɗu da saiwa. In ya janye ƙasa da haka, ana gani. Wani lokacin har dutsen dattin ana hangowa, ya fito kamar 'yar ƙaya a gefen saiwa. Ƙananan hotunan da ake sa wa mutum wani abu a baki ya ciza sun fi nuna bakin ƙashi dalla-dalla fiye da babban hoton nan da ke ɗauko muƙamuƙi duka. Ki roƙi a turo miki ainihin hotunan ta imel, da kwanan watan da aka ɗauka. Hoton allon kwamfuta da aka ɗauka da waya yana ɓatar da daidai abin da ake son gani. In kina da tsofaffin hotuna na shekarun baya, ki haɗa da su, sun fi komai daraja, domin su ne ke nuna ko ƙashin tafiya yake yi ko a tsaye yake.

Da waɗannan a hannu, ga abin da likitan intanet zai iya yi miki. Zai duba ko lambobin da hoton sun dace da aikin da aka ce za a yi. Zai iya cewa, "Ƙashi ya janye a ko'ina, aljihu 5 da 6 sun yi yawa, ki je a yi kada ki ɓata lokaci." Zai iya cewa, "Na ga matsala a ɓangare ɗaya kawai." Ko kuma, "Ban ga ƙashi ya taɓu ba, a fara da wankin sama a sake awo." Zai kuma iya tantance miki ƙare-ƙaren da akan jingina wa aikin. Ƙa'idar da tarayyar ƙwararrun likitocin dasashi ta Turai ta fitar a 2020 ba ta goyi bayan ba kowa maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ba, kuma ba ta ba da shawarar ƙara hasken leza a kan kankarar ba. In an jera miki irin waɗannan a lissafi, kina da damar tambayar dalilin kowanne.

Abin da ba zai iya ba shi ne ya auna. Lambobin wani yake karantawa. In wanda ya auna ya danna ƙarfen da ƙarfi ko ya karkatar da shi, kuskuren ya riga ya shiga takarda, kuma ko tsakanin ƙwararru biyu bambancin milimita 1 abu ne da aka saba gani. To ki lura, tsakanin 3 da 4 milimita 1 ce, kuma a nan hukuncin yake sauyawa. Hoton ƙashi ma shimfiɗaɗɗe ne, yana nuna tsakanin haƙora amma yana ɓoye ƙashin da ke ta ɓangaren kumatu da na harshe, kuma yakan nuna ɓarnar ƙasa da yadda take. Saboda haka likitan da ya kalli hoto kawai ya ce miki lafiyarki ƙalau, ya faɗi abin da bai sani ba. Ni a ganina, idan lambobinki yawanci 4 ne, a bakin iyaka, ko kuma babu takardar awo sam, kuɗin da za ki ba na intanet gara ki kai wa wani likitan ya sake auna ki ido da ido, in da hali ƙwararre a fannin dasashi. Kada ki faɗa masa abin da na farko ya ce sai ya gama nasa awon.

In kin zaɓi intanet ɗin, ki tabbata mutumin yana da cikakken suna da lambar rajista da za ki iya dubawa a hukumar da ke ba likitocin haƙori lasisi a ƙasarsa. Ki nemi amsa a rubuce. Ki yi hattara da wanda shawararsa ke ƙarewa da tallar wani ruwan kurkure baki ko garin da wai ke narkar da dutsen haƙori, babu abin da ke cire shi in ya daskare sai ƙarfe. Manhajojin hira na kwamfuta kuwa za su iya fassara miki kalmomin da ke takardar, amma ba su ne za su yanke miki hukunci ba. Kuma ki rubuta masa tarihinki duka: ko kina shan taba, don taba tana ɓoye jinin dasashi cutar na ci a ɓoye; ko kina da ciwon suga da yadda awonsa yake, don shi da ciwon dasashi suna rura wa juna wuta; ko kina da juna biyu; ko kina shan maganin tsinka jini irin warfarin; ko an taɓa yi miki aikin zuciya.

Akwai tambaya ɗaya da za ki yi wa likitan farko wadda amsarta za ta nuna miki da wa kike tare: "Likita, mene ne sunan ciwon, kuma a wane mataki yake?" Tun bayan taron da ƙwararrun Amurka da na Turai suka yi a Shikago a 2017, ana kasa wannan cuta mataki 4 gwargwadon ɓarnar da ta yi, da daraja 3 gwargwadon saurin tafiyarta. Wanda ya auna da gaske zai juyo da allon ya nuna miki haƙorin da yake nufi.

Maganar ƙawarki kuma, abin da ta gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Kafin wankin, kumburarren dasashi da dutsen datti ne suka cike tsakanin haƙoranta. Da aka kwashe dattin kumburi ya saɓe, sai giɓin da cutar ta riga ta yi ya bayyana. Ke ma in an yi miki, ki sa ran haƙora su riƙa amsawa idan kin sha ruwan sanyi na wasu kwanaki ko makonni, dasashi ya ɗan ja baya, wasu haƙoran su yi kamar sun ƙara tsawo. Bayan mako 6 zuwa wata 3 ya kamata a sake awo a gwada da na farko, daga nan a riƙa duba ki akai-akai, galibi duk wata 3 ko 4 da farko. In ba a ambata miki wannan sake awon ba, ki tambaya, don da shi ne kaɗai za a san ko aikin ya yi.

Jinkirin mako 2 ko 3 don tattara takardu da jin ta bakin wani ba zai cutar da ke ba, cutar a hankali take tafiya. Wata 6 kuwa ya yi yawa. Kafin nan ki ci gaba da goge baki sau 2 a rana da buroshi mai laushi har bakin dasashi, ko da jini na fita, ki kuma riƙa share tsakanin haƙora da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin da aka yi don wurin. Amma in kin ga mugunya, ko kumburi mai zugi, ko zazzaɓi, ko haƙori ya fara motsi, ki ajiye maganar intanet ki tafi asibiti a ranar. Allah Ya ƙara lafiya.