Amsa ga mai tambaya kan shekarun jaruma da rol ɗin yarinya

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki tun jiya, kin ce kin kalli wani shiri inda jarumar ta fito a 'yar sakandare, daga baya kika gano ta haura talatin, shi ne kike tambaya ko shekarunta na gaskiya suna da muhimmanci ko kuwa ke ce kika cika sa ido. Na ga amsoshi sun rabu biyu, masu cewa ai aktin ne ba ruwan kowa, da masu cewa rainin hankali ne. Ni na yi shekaru ina aikin kwalliyar 'yan wasa a lokeshan, fuskoki da yawa sun bi ta hannuna, so bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Mai kallo ba takardar haihuwa yake kallo ba. Ke kanki ai sai da kika je kika bincika sannan abin ya dame ki, ko? In har kin kalla kin yarda da ita lokacin da kike kallo, toh ta yi aikinta. Kuma ba yau aka fara ba. Stockard Channing tana da shekara 33 ta fito a ɗalibar sakandare a Grease na 1978. Shirley Henderson an haife ta 1965, amma a Harry Potter na 2002 ita ce fatalwar ɗalibar nan mai kuka a banɗaki, mutane da yawa har yau ba su san babbar mace ba ce. Nicola Coughlan ta kai talatin lokacin da Derry Girls ya fito a 2018 tana 'yar 16 a ciki.

Amma fa ba kowa ke iyawa ba, kuma a nan ne nake rabuwa da masu cewa ba komai.

Akwai wata da na yi aiki da ita, shekararta 29 da 'ya'ya biyu, aka ba ta rol ɗin yarinya 'yar 16. Fuskarta ƙarama ce, jikinta ma haka, kowa ya ce ai shikenan an samu. Ranar farko wallahi abin bai yi ba ko kaɗan, sai maƙale murya take tana turo baki tana bubbuga ƙafa a ƙasa, irin yarintar da manya suke zaton yara na yi, darakta ya yi ta cewa a sake har rana ta faɗi ba a samu sin ɗaya mai kyau ba. Aka ɗaga aikinta na kwana huɗu. Da ta dawo sai na ga kamar an canza mutum, ina shafa mata hoda nake tambayarta me ta yi, ta ce zama ta yi tana kallon 'yar yayarta. Ta ce anti na lura yarinyar ba ta san inda za ta ajiye hannayenta ba, kullum tana jan bakin hannun riga, in za ta zauna a bakin kujera take ɗosana, in an kira ta zumbur take miƙewa ba ta dafa gwiwa, kuma dariya na ƙwace mata tun kafin ta gama magana. Abin da ta ɗauko kenan. Muryarta ma ba ta taɓa ba, ta bar ta yadda take.

Ta ɓangarena kuma abin da na koya shi ne kwalliya mai yawa tsufar da mutum take. Hoda mai kauri tana shiga cikin layin gefen ido da na baki ta zauna, da an matso da kyamara sai ta fito da abin da kike son ɓoyewa. Sai dai ki rage, ki bar fata ta ɗan yi sheƙi, ki bar gira ba gyara sosai. Wuya da bayan hannu kuwa ba yadda za ki yi da su, su ne suka fi tona asiri, shi ya sa mai haske da mai kyamara sai sun haɗa kai da ke.

Duk da haka mun kusa yin asarar aikin a sin ɗin aji. An kawo yara na gaske 'yan 14 da 15 su cika kujeru, ana zaunar da ita a tsakiyarsu muka leƙa monita, kowa ya yi shiru, don malamarsu ta koma ba 'yar ajinsu ba. Ita kaɗai a hoto yarinya ce, amma kusa da yarinyar gaske ido yana kwatantawa ko mutum bai so ba. Dole aka nemo 'yan ashirin da wani abu aka zagaye ta da su, ƙananan aka maida su can baya. Don haka in kin ga shiri duk ɗaliban manya ne, ba lallai ganganci ba ne, da an sa babba ɗaya sai an daidaita sauran.

Sannan me ya sa tun farko ake ɗaukar manya? Yaro yana da makaranta, yana da iyaye da sai sun amince, ba za ki riƙe shi har tsakar dare ba. A Kalifoniya doka ce ta ƙayyade awannin da ɗan ƙasa da 18 zai yi a wurin ɗaukar fim, kuma dole a ajiye masa malami ya yi karatu. Ga shi yaro girma yake, shiri mai dogon zango kafin a gama murya ta buɗe, tsawo ya ƙaru.

Dalilin da ya fi taɓa ni dai wani ne daban. Na taɓa kasancewa a wani aiki da aka sa yarinya 'yar 15 ta gaske a sin ɗin da ake cin zarafinta, ana jan ta ana mata ihu a ka. An maimaita kusan sau shida. Da aka ce an gama kowa ya hau naɗe waya, ita kuwa tana nan a durƙushe inda aka bar ta jikinta na rawa, na je zan goge mata fuska ta riƙe hannuna gam ta ƙi saki, kukan bai tsaya ba har mamanta ta zo ta tafi da ita. Sin ɗin ya yi kyau, an yaba sosai, amma ni tun ranar in labari yana da duka ko fyaɗe ko soyayya mai nauyi, na fi so a kawo 'yar 25 ko da mai kallo zai ɗan yi ƙorafi. Babba ta san yadda za ta cire rol ɗin ta ajiye ta koma gida.

Inda nake ganin shekaru suna ɓata abu da gaske shi ne in labarin gaba ɗaya a kan ƙuruciyar ya tsaya. Misali ana so ki ji zafin cewa yarinya ce ƙarama aka zalunta, sai ki ga mace cikakkiya a gabanki, tausayin yana raguwa, har wani ya fara cewa ai ita ma da wayonta. Nan kam darakta ya cuci labarinsa. Kuma akwai 'yan mata masu tasowa da ke kallon waɗannan jaruman suna zaton haka 'yar 16 ya kamata ta kasance, ba ƙuraje ba rama ba komai, suna duba madubi suna jin su ne ba daidai ba. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Abu ɗaya da zan roƙi 'yan gurup, mu riƙa yin adalci. Aamir Khan yana da 44 ya fito a ɗalibin kwalejin injiniya a 3 Idiots na 2009, aka tafa masa. Amma Shefali Shah da aka haifa 1973 ita aka sa uwar Akshay Kumar a Waqt na 2005, alhali ya girme ta, shi ɗan 1967 ne. Mace tana shiga talatin an fara tura ta layin iyaye, in kuma ta samu rol ɗin budurwa a bi ta da zagi a komen ana lissafa mata shekaru da aure da haihuwa. Jarumar da na ba ki labarinta, bayan shirin ya fita ta turo min hoton wani komen da aka ce tsohuwa ta ƙi tsufa, tana tambayata anti da gaske haka na fito? Na ce mata ta koma ta karanta na sama da shi, mutum uku ne a jere suna tambayar ajin da take a makaranta.